Faya-fayan Nasiru da Muka Raba a Gado

Bana shekara tara ke nan da rasuwar yayana Nasiru. Ana tsakiyar cirar albasa ne a fadamun Shagari, zazzaɓin 'yan kwanaki ya kwantar da shi, bai kuma tashi ba. Duk shekara nakan ɗauki alƙalami in ce bari in rubuta wani abu a kansa, sai in ajiye, domin akwai wata magana tasa da ba ta ƙare ba, ni kuwa ba na son labarin da ba shi da ƙarshe. Bana maganar ta ƙare, shi ya sa na zauna.

Mu huɗu mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, ta bari: Yaya Umaru babbanmu, manomin albasa a Lambara, sai Nasiru, sai ni Rabi mai koyarwa a Bodinga, sai autanmu Sani. Nasiru ne ya yi karatun kwamfuta, kuma da shi yake ci, yana kula da na'urorin wani ofishi a Sakkwato. Amma abin da ya fi ɗaukar masa rai ba aikin ofis ba ne. Ranar Asabar da Lahadi sai ya hau babur da 'yar na'urarsa ta ɗaukar murya, ya shiga Sifawa, ya shiga Mandera, ya zauna gaban tsofaffi. Ya ɗauki waƙoƙin daka da na niƙa, ya ɗauki malamai suna rera waƙoƙin wa'azi da suka gada, ya ɗauki dattawa suna ba da labarin rijiyoyi da fari da yadda aka sari kowace gona. Inna ma bai ƙyale ta ba. Shekarunta na ƙarshe duk ya kwashe su, tana faɗa tana ƙorafi yana ɗauka. Shi kansa kuwa ko hoto ba ya son a yi masa, balle a ɗauki muryarsa.

Waɗannan muryoyi a wani baƙin akwatin kwamfuta ya tara su, a ɗakinsa na zaure a Bodinga. Cikin akwatin akwai faya-fayan ajiya guda huɗu, kowanne bai fi tafin hannu biyu ba, da nauyi kamar dutsen guga. Ni dai a wurina ƙarfe ne mai gurnani da shan wutar sola. Wata rana na shiga kai masa fura na ce masa ya sayi babba guda ɗaya mana ya huta, sai ya jawo mini kujera.

"Ke Rabi, zamna ki jiya," in ji shi. "Faifai tamkar ɗan Adam na, ranar mutuwatai ba ta da sanarwa."

Ya ce shi bai rubuta kowace murya a kan faifai ɗaya ba. Babbar manhajar da ke tuƙa kwamfutar ce ya umarta ta haɗa huɗun su zama rumbu guda. Duk abin da ya shigo sai ta gutsuttsura shi, ta ba wannan gutsure, ta ba wancan, ta ba na uku, sannan ta rubuta wani lissafi a kan na huɗu, a haka take zagayawa da su. Da ya ga na saki baki, sai ya sauko mini. Ya ce a ɗauka Yaya Umaru na da buhu biyu, ni ina da huɗu, Sani na da uku, shi kuma ya riƙe jimilla, wato tara. Idan Sani ya manta nasa, mu ukun za mu zauna mu fito masa da shi. Amma in mutum biyu suka manta, shi ke nan, an yi asara. Na ce to Allah ya ba da sa'a, na ɗauki ƙwaryata na fita, ban san wata rana wannan magana ce za ta hana ni barci ba.

Yana da wasu ɗabi'u da muka riƙa yi masa dariya a kansu. Bai taɓa sayen faifai biyu a shago ɗaya ba. Ɗaya a Sakkwato, ɗaya ya ba direba saƙo daga Kano, ɗaya sai da ya jira wani abokinsa ya dawo daga Legas. Wai waɗanda aka ƙera rana ɗaya, tare suke tsufa, tare kuma suke mutuwa. Wani mai shago ya taɓa tallata masa wani kati na musamman da ake sa wa kwamfuta ya riƙa haɗa faya-fayan, ya ƙi. Ya ce ranar da katin ya ƙone sai ka nemo irinsa sak, in ba ka samu ba kayanka sun zama na aljanu. Amma idan manhaja ce ta haɗa su, kowace kwamfuta za ta iya sake haɗa su. Sannan duk farkon wata sai ya sa na'urar ta bi faya-fayan nan kaf, ta karanta su daga farko har ƙarshe, ko da ba abin da ya same su. Wuni guda tana yi. Wannan shi yake kira juyin albasa. Duk wanda ya tashi a gidan manoma ya san albasar da aka zuba a rudu, wato rumfar karan da ake ajiye ta, ba a rufe ta a tafi. Sai ana shiga ana juyawa ana tsame wadda ta fara ruɓa, in ba haka ba ranar da ka zo ɗiba wari ne zai tare ka a ƙofa. Ya ce faifai ma haka yake ruɓewa a ɓoye, gara ka gano tun sauran na da lafiyar da za su gyara shi.

Na sha gaya masa cewa wannan ba rigakafi ba ne, waswasi ne. Sai ya yi murmushi ya ci gaba da abin da yake yi. Nasiru ba ya musu, kuma ba ya fasawa, wanda a gidanmu shi ne mafi ban haushin hali.

Laifinsa ɗaya, kuma zan faɗa ko da yana kwance: ya yi tanadin mutuwar kowane faifai, bai yi tanadin tasa ba. Da bakinsa yake cewa haɗa faifai huɗu a akwati ɗaya ba ajiya ba ce, tunda gobara ɗaya ko ɓarawo ɗaya ya ishe su. Yana da niyyar yin cikakken kwafi ya kai gidan ƙanwar Inna a Mandera. Bayan kaka, in ji shi. Kaka ta zo ta wuce, ya ce bayan albasa.

Lokacin rabon gado ina ɗaki ina jego, ban halarta ba. Malamin da ya yi rabon ya yi aikinsa tsaf, ya fitar wa matar Nasiru nata, ya fitar wa 'yarsa tilo Hafsatu nata, ya raba mana saura. Da aka zo kan baƙin akwati sai aka tsaya cirko-cirko, domin kowa ya san Inna na ciki. Aka kira wani mai gyaran kwamfuta, ya duba ya ce akwatin ya tsufa, ba wata daraja gare shi, darajar tana ga faya-fayan. To huɗu ne, gidaje kuma huɗu. Yaya Umaru ya ce ai Allah ya raba gardama, kowane gida ya ɗauki ɗaya, kowa ya sami rabonsa na muryar Inna, in ana son sauran a riƙa musanya kamar yadda muke yi da kaset a da. Kowa ya yi na'am. Ina so mai karatu ya gane ba kwaɗayi ya sa aka yi haka ba. Adalci aka nufa, da ƙauna, aka kwance su ɗaya bayan ɗaya aka naɗe a tsumma.

Da aka kawo mini nawa ina zaune da jinjiri a cinya, sai na tuna buhunan nan. Na aika Shagari a gaya wa Sani kada ya taɓa nasa, domin shi ne mai shagon buga takardu da tura waƙoƙi a waya, shi kaɗai ne a cikinmu ke da inda zai jona. Saƙona ya iske an gama. Ɗokin jin Inna ya sa a ranar ya jona shi, kwamfutar shagon ba ta gane abin da ke ciki ba, ta tambaye shi ko ta shirya faifan don a iya amfani da shi, ya danna e. Da ya buɗe, wayam. Ya kai wa masu gyara a Sakkwato, wannan ya taɓa wancan ya taɓa, har abin da ya rage ma ya bi ruwa.

Daga ranar Sani ya zama wanda ya kashe rabon muryar Inna. Ba wanda ya faɗa masa haka a fuska sai Yaya Umaru, sau ɗaya, a gaban mutane, amma sau ɗayan ya isa. Sani mai surutu, wanda in yana gida ba a jin kiran salla sai an tsawata masa, ya koma ya zo suna ya tsaya daga waje ya yi addu'a ya hau babur. Yaya Umaru kuwa ya naɗe nasa faifan a tsohon zanen Inna ya jefa ƙasan akwati ya kulle. Na yi bayani har na gaji cewa in muka haɗa ukun da suka rage wataƙila komai ya dawo. Amma ni malamar Hausa ce, da zarar an tambaye ni ta yaya, sai in fara zancen buhuna, su kuma su kalle ni da tausayi.

A cikin shekarun nan duniyar ta sake sosai, kuma sau da yawa nakan tambayi kaina me Nasiru zai ce. Yau kowace tsohuwa a Sifawa jikanta na ɗaukarta a waya, abin da shi yake hawa babur ya sha rana don ya samu. Na san zai yi murna da wannan. Amma na san kuma zai tambaya, wayar in ta faɗa rijiya fa, ko aka zare ta a kasuwar Bodinga? Za a ce masa ai komai yana can sama a intanet, an ajiye. Shi kuwa zai gyara zama ya ce, a gidan wa, kuma wa ke juya musu albasar? A makarantarmu akwai kwamfutar da sakamakon yara na shekaru ke ciki, faifai ɗaya tal, tana tari kamar tsohon jaki, kullum na wuce ta sai in ji kamar Nasiru na tsaye bayana yana girgiza kai. Tsofaffin da ya ɗauka kuwa, yawancinsu sun bi shi. Waƙar niƙa ta tafi tare da dutsen niƙa. Abin da ke cikin ƙarafan nan uku, babu shi a ko'ina kuma.

Hafsatu tana 'yar firamare mahaifinta ya rasu. Ta girma shiru-shiru, da irin taurin kan nan nasa mai murmushi, ta kuma zaɓi karatun kwamfuta ba tare da kowa ya tura ta ba. Bara da ta zo hutu ta ce in ba ta nawa faifan ta duba tare da nasu. Ta jona su ta hanyar da kwamfuta za ta karanta kawai, ba za ta iya rubuta komai a kai ba. Can sai ta kira ni ta nuna mini wasu layuka a allo. Ta ce manhajar da babanta ya yi amfani da ita tana rubuta wa kowane faifai shaida a jikinsa: sunan rukunin da ya fito, su nawa ne, shi na nawa ne a cikinsu. Nawa ya ce shi na biyu ne cikin huɗu. Nasu ya ce shi na huɗu ne. Shekara takwas a ƙasan adaka, ba su manta gidansu ba. Ta ce akwatin da aka zubar ba komai, tunda ba kati ya haɗa su ba. Saura na Lambara, kuma dole ya kasance da rai, domin an riga an rasa ɗaya, babu sauran rangwame.

Muka je Lambara muka iske Yaya Umaru a bakin rudunsa yana tsintar albasa. Muka gaisa, muka daɗe muna gaisawa, sannan na kawo maganar. Bai ko ɗago ba.

"Guda anka kashe," ya ce, "yanzu kun zaka ku kashe nau?"

Na buɗe baki zan fara, Hafsatu ta riga ni. Ta durƙusa kusa da shi.

"Bappa, albasad da anka rufe cikin rudu shekara takwas ba a juya ba, mi za a iske?"

Ya ci gaba da jujjuya wata albasa a hannunsa.

"Bappa, ni na mance muryar Baba," ta ce. "Ina ganin huskatai, amma in na so in ji shi, ba ni ji."

Ya koma kan tsintarsa, muka yi sallama muka taho. Ban sa rai ba, domin na san yayana. Sai da aka cire albasar bana Hafsatu ta dawo hutu, ya aiko cewa zai kawo, amma da sharaɗi biyu: da hannunsa zai kawo, yana zaune za a yi, kuma Sani ba zai taɓa ba. Hafsatu ta ce ta yarda, sai dai aikin na son wutar da ba za ta yanke ba ko na ƙiftawar ido, kuma duk danginmu ba mai sola da batir masu wannan ƙarfi sai shagon Sani a Shagari. Ban sani ba ko gaskiya ce tsantsa ko da 'yar dabara a ciki, ban kuma tambaya ba.

Haka Yaya Umaru ya shiga shagon ƙaninsa karo na farko tun rabon gado, ya zauna a benci da ƙunshin zanen Inna a cinya. Sani ya rufe shago, ya kawo ruwa, ya koma can bakin ƙofa ya tsaya kamar baƙo. Hafsatu ba ta yi gaggawa ba. Da farko ta kwafe kowane tsohon faifai zuwa sabo, gutsure bayan gutsure, ta ce tsoho ba a sa shi dako, a kan sababbin za a yi aiki. Da aka jona na Lambara ya yi wata ƙara kamar mai gyaran murya, sannan ya kama juyawa. Wuri ɗaya kawai ya ƙi karantuwa, ɗan ƙarami. Hafsatu ta ce faifan da ya yi wannan zama a ce wuri ɗaya ne ya lalace, to lafiya lau aka ajiye shi, babanta bai bar ruɓa ta taru ba. Ta ƙara da cewa da ukun 'yan shago ɗaya ne, ba ta jin za su kai yau dukansu. Na tuna dariyar da muka yi wa Nasiru, na ji kunya ta kama ni a madadin gidanmu duka.

Washegari da hantsi ta umarci manhajar ta haɗa ukun. Allon ya nuna rukuni ya tashi, da gurbi ɗaya babu kowa. Sai ga sunaye sun zubo, Sifawa, Mandera, Lambara, kowane gari da tsofaffinsa. Kafin ta buɗe ko ɗaya sai da ta kwashe komai zuwa wani wuri daban, muna zaune muna mutuwa da ɗoki, ita ko a jikinta. Sannan ta danna wanda aka rubuta Inna.

Muryar ta fito tar, tana waƙar da take yi in tana tankaɗe. Ta yi baiti biyu sai wata murya ta katse ta daga kusa da na'urar.

"Inna, sake hwaɗi, zakara ya yi cara bisa maganakki."

"Kai Nasiru, kullum sake hwaɗi, sake hwaɗi. In na mutu ka huta."

Sai dariyarsa. Hafsatu ta kifa kai a kan tebur. Ni ban san lokacin da na fara kuka ba. Ashe mutumin da ya ƙi a ɗauki muryarsa yana cikin kowace ɗauka, yana gaida tsofaffi, yana tambaya, yana cewa a sake faɗi.

Sani daga bakin ƙofa ya tambaya wanne ne babu, wane ɓangare ne nasa ya tafi da shi, yana so ya sani. Hafsatu ta share ido ta ce ya kawo sabon faifan da ta sa shi ya saya. Ta dubi Yaya Umaru, shi kuma ya kau da kai, wanda a wurinsa izini ne. Sani ya jona da hannunsa. Ta sa manhajar ta karɓe shi a gurbin da ke wayam, wani layi ya fara tafiya a hankali a kan allo.

"Bappa Sani, babu abin da ya ɓace," ta ce. "Abin da ke bisa naka, lissahinai na ga 'yan uwanai. Ga shi nan suna mayar maka."

Abin da aka rasa duka bai wuce 'yan daƙiƙu ba a cikin hirar wani dattijo na Mandera, kuma daga faifan da aka kulle a akwati ne, ba daga na Sani ba. Ba wanda ya ce komai a kan wannan, ni ma da bakina ke ƙaiƙayi na haɗiye. Sani ya ja kujera ya zauna gaban allon yana kallon layin nan har la'asar. Da aka kira salla Yaya Umaru ya miƙe ya ɗauki buta, ya kai ƙofa, ya tsaya ya ce, "Auta, taso mu tai." Shekara tara ban ji ya kira shi da wannan suna ba.

Yanzu kowane gida cikin huɗun yana da cikakken kwafi, akwai na biyar a Mandera inda Nasiru ya yi niyya. Rukunin kansa yana shagon Sani, shi ne kuma mai juyin albasa duk farkon wata, yana kiran Hafsatu ya karanta mata abin da allo ya ce.

Idan na auna abin da Nasiru ya bari, ba na fara lissafi da muryoyin, duk da su ne dukiyar. Abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda ya ɗauki kuskure. Bai taɓa zaton za a rayu ba a yi ɓarna ba, na ƙarfe ko na mutum, don haka ya gina abinsa yadda in ɗaya ya faɗi sauran za su ɗauke shi. Mu muka shekara tara muna hukunta ɗan uwanmu a kan asarar da Nasiru ya riga ya yafe tun kafin a yi ta. Allah ya jiƙan Nasiru, ya haɗa shi da Inna a inda ba a cewa a sake faɗi. Jiya Sani ya zo gidana, ya cika mini tsakar gida da surutu har na ce ya tashi ya tafi, bai tafi ba.